Ɗigo da Ƙyauren da Ya Daina Kuka

A layinsu ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Ɗigo ake ce masa, har mai ɗakinsa in ranta ya ɓaci. Sana'arsa gyaran fanka, a wani ɗan shago tsakanin mai faci da mai sayar da fenti, amma in ka tambaye shi ko shi wane ne, fanka ba za ta zo a farko ba. Ce maka zai yi shi ɗan tseren mota ne. Kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai motar ba ta fi takalminsa tsawo ba, da rimot ake tuƙa ta, shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Duk ƙarshen mako shi da abokan tserensa sukan taru a wani fili bayan tsohuwar masana'anta, manya da su, wasu har da furfura. Sun jera tsofaffin tayoyi sun fitar da hanya mai kwana-kwana, sai su hau benci su tsaya, kowa da rimot a hannu, suna cije leɓe suna karkata jiki sai ka rantse su ne a cikin motar. Kowa da abin taƙamarsa, wani batir, wani taya. Shi Ɗigo boris ya riƙe.

Boris ɗin irin wannan mota ɗan zoben ƙarfe ne da bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, da 'yan ƙwallaye a ciki, a kansa taya ke juyawa. In aka tashi daga fili, Ɗigo yakan shige ɗakinsa ya turo ƙofa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance tayoyin ya jera boris ɗin. Da bakin allura yake ɗaga murfin robar, a hankali, don in ya lanƙwashe ya tashi aiki. Ya jefa su cikin 'yar kwalbar sifirit ya girgiza har ruwan ya yi baƙi, ya sake wani, ya bar su su bushe. Sannan ya soka kowane a bakin fensir, ya kai shi kusa da kunne, ya rufe ido, ya murza. In akwai ƙwayar yashi guda a ciki, wallahi sai ya ji ta. Wanda ya yi shiru shi ne lafiyayye, sai ya ɗauko sirinji ya ɗiga masa siririn mai.

"Ɗigo ɗaya," haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya, har da wanda bai tambaya ba. "Na biyun ƙura yake gayyatowa. Masu cusa giris kuwa, Allah ya shirye su, mota suke sa wa mari."

Daga nan sunan ya samo asali, kuma yana jin daɗinsa. A ganinsa duk abin da ke ƙara a duniyar nan mai ne ya rasa.

To mai wannan kunnen, a gidansa kurma ne. Famfon tsakar gida ya daɗe yana zuba, fankar falo tana gurnani, a gidan mai gyaran fanka fa, ƙyauren ƙarfen ƙofar waje kuma in aka tura shi yakan saki wani kuka mai tsawo da har maƙwabta sun haddace. Duk bai dame shi ba, tunda ba ɗayansu da ke shiga tsere.

A gidan akwai Baba, mahaifinsa, tsohon direban bas wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi. Tsufa ya taɓa masa tunani. Jikin da sauran ƙarfi, ƙafar ma garau, amma ya manta ya bar aiki. Haka kawai sai ya miƙe ya gyara hula ya ce fasinja na jiransa, ya nufi tasha, tashar kuwa sai an tsallake babban titi. An gwada sa kwaɗo, ya yi ta dukan ƙyauren yana kuka har hannunsa ya fashe, aka haƙura. Abin da ya rage shi ne kukan ƙyauren nan. Mai ɗakin Ɗigo tela ce, a ɗaki take ɗinki, kuma ko keken na gudu, da ƙyaure ya yi ƙara ƙafarta ke tsayawa. Sai ta fito da sauri ta tarar da tsoho a bakin ƙofa, ta ce, "Baba, yau motar tana gareji, ku dawo ku huta." Ya yi tsaki ya zagi makanikai, ya biyo ta. Ran tsohon nan a kan wannan ƙarar yake rataye, kowa a gidan ya sani ban da ɗansa.

Ba wai ba ta gaya masa ba ne. Ta gaya masa, tana tsaye a ƙofar ɗakinsa, shi kuma ido a rufe, fensir a kunne. Ya ce, "Uhm, madalla." Ita ta ɗauka ya ji.

Ana haka aka sa ranar babbar gasa, har da baƙi daga wasu garuruwa. Ɗigo ya shiga shiri kamar mai aurar da 'ya. Ya rufe shago da wuri, ya bar mutane da fankokinsu cikin zafi, abinci ma sai an kai masa ɗaki. Ana gobe gasa mai ɗakin nasa ta gaji, ta wanke shi tas.

"Malam, tsakani da Allah, a gidan nan ko ƙusa ka taɓa bugawa? Ubanka ne, amma ni ke wanka, ni ke ba da magani, ni ke gadi. Da mu ma tayoyi gare mu da ka san muna raye."

Maganar ta shige shi, don Ɗigo ba mugu ba ne, mutum ne dai da zuciyarsa ta tattare a wuri guda. Ya ji kunya sosai, ya ƙudurta sai ya yi wani abin da zai wanke kansa.

Da safe ya fito da jakar mota a kafaɗa, ya tura ƙyaure, ƙyaure ya saki kukansa. A karon farko kunnen nan ya ji wani abu a gidan. Ya tsaya, ya sake turawa, ya girgiza kai don tausayin ƙarfen da aka bari da ƙishi haka. Ya sauke jaka, ya ciro buroshi ya kankare tsatsar da ke wurin da ƙyauren ke juyawa, ya wanke da sifirit, ya goge, ya ɗauko sirinji. Sama ɗigo ɗaya, ƙasa ɗigo ɗaya. Ya kai ƙyauren ya dawo da shi, ya kai ya dawo, har ya zama ko numfashi ba ya yi. Aiki ne na gwani, ba mai cewa ba haka ba. Bai faɗa mata ba, so yake ta gani da kanta ta san ta auri miji. Ya ja ƙofa ya tafi baki har kunne.

A fili kuwa ranar tasa ce. Ya kashe waya don kada a raba masa hankali. Motocin baƙi suka fara da zafi, amma da aka yi nisa ƙura ta shiga boris ɗinsu, masu giris suka fara jan ƙafa, tasa kuwa tana ta sulalawa shiru ta wuce su ɗaya bayan ɗaya. Aka miƙa masa ɗan kofin roba mai ruwan zinare, aka ɗaga shi sama. Wani baƙo ya tambaye shi sirrin, ya tsaya ya yi masa wa'azin ɗigo ɗaya tun daga farko. Sai da ya gama ya kunna waya ya ga kiran mai ɗakinsa jere, da na mai faci.

Abin da ya faru gajere ne. Mai ɗakin nasa tana kan keke tana ɗinki, kunne a ƙofa kamar kullum, gida shiru, har tana cewa a ranta yau Baba ya samu barci. Da ta kai masa magani ta tarar da shimfiɗa ba kowa, ƙyaure a buɗe. Kafin ta kai babban titi mutane sun taru. Wani mai babur ne ya kwashe shi a tsakiyar hanya, ƙugu ya karye. Mai faci, wanda ya gane tsohon, shi ya taimaka aka kai shi asibiti.

Ɗigo ya iso asibitin da jakar mota a kafaɗa, kan kofin ya leƙo ta bakin jakar. Mai ɗakinsa ta dubi kofin, ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai ka taɓa ƙyauren?"

"Mai kawai na sa masa," in ji shi. "Na ji yana kuka."

"Kuka yake yi, Malam. Shi nake sauraro."

Ya zauna a ƙasa a barandar asibiti, babban mutum, ya yi kuka har ma'aikata na kewaye shi suna wucewa.

Baba ya rayu, amma bai sake takawa ba. Aka sallame shi da keken marasa lafiya, na hannu, wanda ya ga duniya. Tun daga ƙofar asibiti Ɗigo ya ji tayar hagu tana ƙiƙi-ƙiƙi, ya kuma san ciwonta sarai: boris ya bushe, yashi ya shiga, aikin da zai gama kafin shayi ya huce. Sai dai tsohon, da ƙugu ya ɗan yi sauƙi, ya gano hannuwansa na iya murza tayoyin, ya koma neman hanyar tasha a zaune. Ƙyauren kuwa ya ƙi komawa kuka. Ɗigo ya wanke shi da sifirit, ya watsa masa ruwa, har yashi ya barbaɗa masa, amma ina, aikin ya yi kyau da yawa. Don haka tayar hagu ta gaji aikin gadi.

Har yanzu yana zuwa fili, ba kullum ba, kuma wayarsa a kunne. Har yanzu yana wanke boris a kan farin ƙyalle, amma ƙofar ɗakin a buɗe take, ido ɗaya kawai yake rufewa. Da ya ji ƙiƙi-ƙiƙi ta nufi waje yakan ajiye fensir ya fita, wani lokacin ma ya riga mai ɗakinsa.

Da yamma shi ke tura tsohon a layi ya sha iska. Baba bai cika gane shi ba yanzu, ya ɗauka wani sabon yaron mota ne aka haɗa shi da shi. Rannan suna wucewa ta gaban mai faci, tsohon ya karkata kai ya saurari tayar, ya ɓata fuska.

"Kai yaro, ba ka jin motar nan tana kuka? Wane ne ubangidanka da bai koya maka sa mai ba?"

Sirinjin na cikin aljihun rigar Ɗigo, inda yake zama kullum. Mai faci ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

"Ina ji, Baba," in ji Ɗigo. "A bar ta haka."

"Ragon banza," in ji tsohon. "Ba za ka taɓa zama direba ba."

Ɗigo ya ce gaskiya ne, ya ci gaba da turawa.