Katin Iri Daga Bikin 'Yar Mai Kamfani

Jiya a ƙofar wurin biki wata ƙawar amarya ta miƙo min ɗan kati mai kaushi, tana yauƙi. Wai akwai irin alayyafo a cikin takardar, in na binne ta za ta tsiro. Wai amarya da ango ba za su raba bokitin roba ba, su masu kishin muhalli ne.

Muhalli fa!

Amaryar nan 'yar mai kamfanin fatar da nake wa aiki ce a Challawa. Na san inda bututunmu yake zubar da dagwalo: ta gefen lambun Babana yake bi. Lambun da a da muke cika kwanduna da tumatir, yau ƙasarsa ta yi baƙi tana wari.

Da safe na kai wa Baba katin don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya jujjuya shi a hannu.

Ya ce, "Ka ce wa Alhaji mai kamfanin mun gode. Amma tambayar min shi, a ina zan shuka, kuma da wane ruwa?"

Na ce, "Baba, ranar da na tambaya, ranar za a kore ni."

Ya ce, "To bari, riƙe aikinka." Ya sa katin a aljihu.

Wallahi gara bokitin robar, ko ba komai mun ɗebo ruwa mai tsafta da shi.

Ku da kuka je bikin, in naku ya tsiro, ku faɗa mana a wace ƙasa.