Shekarar da Agana Ta Shigo Gidanmu

Shekarar da agana ta shigo Bakura, mijina yana bakin daga. Yaƙin basasa ya kwashe samarin unguwarmu, ya bar mata da tsofaffi. Lokacin ba a fara aikin dam ɗin Bakolori ba, sai dai masu awo da ake gani bakin gulbi wajen Maradun.

Ɗiyata ta fari ba ta daɗe da yaye ba. Saboda kunyar ɗan fari ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta gaban mutane. Uwar mijina, wadda nake ce wa Inna, ita ke goyonta. Zazzaɓi ya kama yarinyar, sannan ƙuraje suka feso mata a fuska da tafin hannu. Inna na gani ta gane, don ita ma zanzanar agana ce a fuskarta tun ƙuruciya.

An riga an yi shela cewa duk gidan da ciwon ya ɓulla a sanar da maigari, shi kuma ya aika wa duba-gari a Talata Mafara. Da yawa ɓoyewa suke yi, don tsoron a fitar da majinyaci bayan gari. Inna ma ta ce a ja ƙofa a yi shiru.

Surukina malami ne, yaran unguwa na karatu a zaurensa. Sai ya ce, "Ɗiyan mutane na shigowa gidan ga kullum. In na yi shiru, mi zan ce ma iyayensu?" Ya sallami yaran, ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan maigari.

Washegari duba-gari ya iso da masu lambar rigakafi, aka yi wa unguwar kaf, har da ni. Aka kafa bukka gindin wata tsamiya a bayan gari. Duba-gari ya ce mai zanzana kaɗai za ta yi jinya. Inna ta ce, "Ɗan nan, na tsufa. Wa zai ɗebo mini ruwa? Bar uwar ta bi ni." Ya dubi damtsena inda aka yi lambar, ya amince.

Da muka shiga bukkar, Inna ta kwance goyon ta miƙo mini. "Yarinya, nan babu idon kowa. Amshi ɗiyarki."

Na rungume ta, jikinta kamar garwashi. Na kira sunanta a fili, karo na farko, ta buɗe ido ta dube ni. Inna ta fita wai neman itace.

Kullum da hantsi Malam kan kawo fura ya ajiye nesa, ya tsaya ya yi addu'a, ya koma. Da ɓawon ƙurajen ya gama zuba, aka ƙone bukkar da tabarminmu, muka dawo gida. A unguwarmu ba wanda ya sake kamuwa.

Da yaƙi ya ƙare mijina ya dawo. Yarinyar ba ta san shi ba, ta ƙi zuwa. Sai ya zauna a ƙasa tsakar gida, har ta matso don kanta tana taɓa igiyar takalminsa.