Littafin Abokina Da Na Tura Maraɗi

Shekarun baya can, lokacin ina aikin tura kaya a Guangzhou, mu biyar muke haɗuwa duk Lahadi bayan la'asar a ɗakin da nake haya a Dengfeng. Wani wasan tebur muke yi, wanda sai ka zauna ka gani za ka yarda magidanta ne ke yin sa. Mutum ɗaya yake riƙe littafin dokoki yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, wani maharbi, wani ɓarawo, a jefa ɗan lido a ga ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Ni ne mai ba da labarin, shekara biyu cur. Ba zan ɓoye muku ba, duk wahalar da nake sha tsakanin kasuwar Canaan da sito, wannan kujerar ta mai ba da labari ce take riƙe da ni. A nan kaɗai nake buɗe baki mutum huɗu su yi tsit.

Littafina ɗaya ne, shi ma na hannu na saya, bayansa ya sha salatif. Kamfanin da ke buga wasan kuwa bai san hutu ba. Kafin ka gama karanta wannan sun sanar da wani, yau na dodanni, gobe na sabuwar ƙasa, jibi na sababbin dokokin faɗa. Ni na ce ba zan bi su ba, littafi ɗaya ya ishi mai ƙwaƙwalwa. A baki ke nan. Gaskiyar magana aljihuna ne ya yanke hukuncin, ni sa hannu kawai na yi.

Abokina mai sarin wayoyi shi ba ya barin ko ɗaya ya wuce. Zai shigo da sabon littafi a hammata, a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, ana shafa hotuna, har da masu shinshina takardar. Ni ina zaune da tsohon nawa kamar mai tallan abincin jiya. Ran nan ɗan Kumasin da ke cikinmu ya kawo shawara: idan littafin da abokina ya yi oda ya iso, a ba shi kujerar ya gwada, a ɗan canza iska. Kowa ya ce ya yi. Ni ma na ce madalla, har da tafi, amma kishi ya hana ni shan shayin da ke gabana.

To, da yake abokina kullum yana kasuwa, adireshin sitonmu yake bayarwa a kawo masa saƙo. Ranar Alhamis littafin ya iso, ni na karɓa na sa hannu. Na daɗe ina juya shi. Sai zuciya ta ce Lahadi ɗaya kawai nake buƙata, in kai labarina ƙarshen da zai sa su manta da wani sabon littafi. Akwai kwalin jallabiyoyin wani Alhaji ɗan Maraɗi a buɗe, ba za a loda kayansa ba sai wani satin. Na cusa saƙon a tsakiya, na mayar da riguna a kai. Da abokina ya kira yana tambaya, sai na ce masa “meyo”, wato babu, irin yadda masu shagunan nan suke sallamar mutum. Har dariya muka yi.

Ranar Asabar na raka wani baƙo Canaan. Kafin in dawo an samu gurbi a kwantena, maigidan sito ya sa an ɗaure kwalayen Alhaji an loda, mota ta tashi.

Abokina ya yi sati uku yana rigima da masu kawo saƙo. Ni na taya shi rubuta ƙorafin. Da ya koma zai sake saya, aka ce bugun farko ya ƙare, sai an sake bugawa. Kujerata ta zauna mini wata biyu, kuma Allah Ya yafe mini, daɗi na ji.

Sai wata safiya hoto ya faɗo a zauren WhatsApp na 'yan kasuwarmu. Ga saƙon an farke shi, ga sunan abokina ɓaro-ɓaro, ga wani dodo mai ƙaho a bangon littafi. Alhaji ya biyo da murya, yana tambayar wa ya saka masa wannan abu cikin kayansa. Ya ce shi bai san me ake nufi da shi ba, ya sa an ajiye shi a bayan shago, ya hana kowa taɓawa. Kowa a zauren ya san ni nake haɗa kayan Alhaji.

Abokina bai kira ba, da ƙafarsa ya zo sito. Na shirya ƙarya kala uku, da na ga fuskarsa duk suka gudu. Na faɗa masa komai. Ya kalli kwalaye, sannan ya ce:

“Mutumina, ka dai karanta shi kafin ya tafi?”

Na ce ko ledar ban cire ba.

“To ka cuce mu duka. Da ka ce kana so, wallahi kai zan fara ba wa.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake yi mini ƙorafi a kai ba. Sai dai daga ranar, saƙonsa gidan abincin da muke zuwa ake kai masa.

Lahadin da ta biyo ba wanda ya ce in tashi. Ni da kaina na ɗauke littafina na koma gefe. Abokina ya zauna ba tare da sabon littafin ba, don bugu na biyu bai fito ba tukuna. Ya miƙo hannu ya ari tsohon nawa mai salatif, ya fara.

Yanzu na bar Guangzhou, kamfanin nan kuma har gobe bai daina zubo littattafai ba. Na koyi sayen wanda zan buɗe kawai, sauran in wuce su ba tare da ciwon kai ba. Muna waya da abokina, muna dariyar dodon da ya yi hijira zuwa Maraɗi. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa masa ba. Duk tsawon lokacin nan na lallashi kaina cewa littattafai ne kawai ya fi ni. Ranar da ya zauna a kujerar, da littafina, a ɗakina, ya yi awa uku yana ba da labari, ni kaina na manta ina fushi, na shiga roƙonsa ya faɗa mana abin da ke bayan ƙofar wani kogo a labarin. Ya fi ni iyawa. Shi ne abin da har yau bai gama sakina ba.