Ganyen Khala Rakiya da rumman ɗina

Da safen nan ina cikin shanya aka kira ni, wai Khala Rakiya ta rasu.

Na yi kuka. Amma duk abin da na tuno game da matar nan sai dariya ta ƙwace min.

Ga waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyarmu ce a unguwar Bani Malik, nan ƙasa mai tsarki, ƙofa da ƙofa. Khala muke ce mata, wato inna. Ta daɗe tana girki a gidan wasu Italiyawa kafin ciwon ƙafa ya zaunar da ita.

Lokacin da nake da cikin ɗiyata, bayan na yi ɓari har sau biyu, gwaji ya nuna jinina ya yi ƙasa, suga kuma ya hau. Ni da maigidana muka zama likitocin kanmu. Rumman ja ne, jini ma ja ne, to me ya rage? Bawan Allah ya dinga jido min na garin Ɗa'if kwali-kwali, ni kuma ina matsewa ina kwankwaɗa.

Da muka koma asibiti, likita ta ce rumman abu ne mai kyau, amma sinadarin da ke ƙara jini kaɗan ne a cikinsa, zaƙi ne ya yi masa yawa. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in dage da ganye, don in jinin bai tashi ba wannan cikin ma yana cikin haɗari.

A ɗakin Khala na je na zube, tsoro ya cika ni.

Ta ce halas, wato shi ke nan, ta san ganyen. Washegari ta shigo da wani ganye ɗan'uwan burokoli da Italiyawanta ke ci, mai siririn kara da ƴan furanni. Ta soya shi da tafarnuwa da man zaitun. Ɗaci kamar shuwakar da ba a wanke ba.

Na rantse ba zan ci ba. Ba ta yi musu da ni ba, kawai ta kwashe rumman ɗina kaf ta kai ɗakinta. Kullum da azahar sai ga ta da faranti, da ɗan kofin gahawa cike da ƴaƴan rumman ta dunƙule a hannu.

"Yalla ya binti, maza ƴata, ɗaci tukuna. Zaƙin yana hannuna, ba inda za shi."

Na kai ƙararta wurin maigida. Ashe shi ne direban da ke zagawa da ita kantuna neman ganyen.

Jini ya tashi, suga ya sauka, na sauka lafiya. Ba a ma yi shawarar suna ba, Rukayya aka sa.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka leƙa ta, tana kwance. Na ba ta labarin yadda takwararta ke gudun miyar ganye. Ta yi dariya har da tari, ta jawo yarinyar jikinta.

"Uwarki ma haka ta yi min. Da na biye mata, da wa zan rungume yanzu?"

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Allah Ya jiƙan ki Khala, Ya haskaka makwancinki. Kin sha naki ɗacin a duniya ba ki taɓa ɓata fuska ba, Allah Ya sa rumman na Aljanna yana can yana jiran ki.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a. Rukayya na kusa da ni, za ta ce amin.