Shayin Ƙaiƙayi na Mai Labule

Ka taɓa ganin wanda likita ya hana shi abu ɗaya, mutanen gida suka ƙara masa hani goma daga aljihunsu? To, haka aka yi wa Mai Labule.

Tela ce, labule kawai take ɗinkawa, a wani shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya. Keken ɗinki biyu gare ta, almakashi uku, da kwalabe shida cike da maɓallai da zobban labule. Kullum da safe, kafin ta taka keke, takan sha gahawa da madara a bencin ƙofar shago tare da ƙanenta, mai walda a shagon da ke jikin nata. Da zuciyarta ta soma bugawa da sauri, likita ya ce ta bar gahawa da baƙin shayi da duk abin da ke da sinadarin nan mai hana barci. Iyakar maganarsa ke nan. Amma 'yarta, ma'aikaciyar jinya, ta ɗora nata a kai: ba hawa tsani, ba ɗaukar bandir, in da hali ma a rufe shagon. Ta sayo filas tana cika mata da ruwan ɗumi zalla.

"Ruwan ɗumi," in ji Mai Labule, tana leƙa cikin filas. "Wanka za a yi wa jariri?"

"Sha abinki, Yaya," in ji mai walda, yana zuƙar gahawarsa da ƙara don ta ji. "Ni zan riƙa sha miki naki, ba sai kin gode ba."

A bayan shagon, jikin katanga, inda famfo ke ɗiga, akwai wata ciyawa mai ganye kamar haƙoran zarto, wadda ke harbin duk wanda ya taɓa ta. 'Yan layin suna ce mata ciyawar ƙaiƙayi. Wata mai sayar da ganyen shayi da ta kawo ɗinki ta hango ta ta taga, ta ce ai busasshenta take sayarwa, ana dafawa a sha, ba ta hana barci, kuma da ta ji ruwan zafi harbin ya mutu.

Mai Labule ba ta jira ba. Ta dubi yatsunta, waɗanda allura ta mayar kamar fatar takalmi, ta ce wace ciyawa ce za ta huda wannan. Ta cusa hannu tsirara. Abin da ta manta shi ne allura ba ta taɓa aiki a bayan hannu ba. Kafin ta koma ciki, hannun ya yi burɗin-burɗin har wuyansa, ko zare ta kasa zurawa.

A haka 'yar ta same ta da yamma, ta ji abin da ya faru.

"Umma, yanzu ciyawa kika koma ci?"

"Sha zan yi, ba ci ba."

'Yar ta rufe shagon da kanta, ta jefa mabuɗin cikin jaka. Ta juya wajen mai walda. "Kawu, gobe ka sa adda ka share wannan abin. Umma ta gama da shago."

Washegari hannun ya saɓe. Mai Labule ta riga kowa isa layin, ta tsaya a ƙofar ƙanenta ta miƙa tafin hannu. Ta san akwai mabuɗi na biyu rataye a bayan injinsa.

"Yaya, za ki haɗa ni da 'yarki."

"Ita na haifa, kai na goya. Zaɓi wadda za ka ji tsoro."

Ya miƙo mabuɗin, yana gunaguni.

Ta ɗauko guntun labule mai kauri, ja mai furanni, ta ninka biyu, ta ɗora hannu ta zana da alli, ta ɗinka safar hannu har gwiwar hannu. Almakashin yadi kuwa ba ta bari ya kusanci ganye ba, don tela ba ya yin wannan ko da wuƙa a wuyansa. Tsohon almakashi na uku ta ɗauka. Mai walda ya biyo ta da addarsa, ya tsaya yana kallon ta tana tsinke kan ciyawar, ganye huɗu na sama kawai, masu taushi, har ta cika tafi biyu.

"Matsa, Yaya, aike aka yi mini."

"Ka sare ta, ka sare da ni. In ba haka ba je ka kunna risho."

Ya je ya kunna risho. Ta wanke ganyen, ta zuba a ruwa kofi biyu yana tafasa, ta bar shi har ruwan ya yi kore shar, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika shagon. Ta tace da sabon guntun leshi. Ta juye maɓallan kwalba ɗaya a faranti, ta wanke ta tas, ta zuba madara mai ɗumi kofi ɗaya, ta rufe, ta yi ta girgizawa har kumfa ya kai murfi. Zuma cokali biyu, kirfa ɗan tsunkule. Ta raba gida biyu, kumfan a sama.

Da 'yar ta iso, ta tarar da shago a buɗe, adda a jingine, uwa da kawu a kan benci. Kawun da kumfa a gashin baki.

"Kawu, har da kai?"

"Ƙwacen mabuɗi aka yi mini, 'yata. Ki duba safar hannun nan, wa zai ja da mai ita?"

"Likita gahawa ya hana ni," in ji Mai Labule, ba ta ko ɗaga murya ba. "Bai hana ni benci ba, bai hana ni keke ba. Kira shi ki tambaya. In ya ce wannan ma a'a, da hannuna zan sare ta. Amma shagona ba ya cikin takardar magani."

'Yar ta kira. Ta karanta masa sunayen magungunan uwar ɗaya bayan ɗaya, ta saurara, ta kashe waya. "Ya ce kofi ɗaya ba laifi," ta faɗa a hankali. Mai Labule ta buɗe tafin hannu, safar tana nan a jiki. Mabuɗin ya fito daga jaka.

"Amma tsani, Umma..."

"Kawunki zai hau. Ya sha nawa, sai ya biya da ƙafa."

Ta miƙa wa 'yar ragowar kofinta. 'Yar ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa, ba ta mayar ba.

Ganye tafi ɗaya, ruwa kofi ɗaya, madara rabi, zuma cokali ɗaya, kwalba mai murfi: abin da mutum ɗaya ke bukata ke nan. In kana shan magani, fara tambayar likitanka. Sannan ka gwada gobe da safe, don Allah, amma ka rufe bayan hannunka.