Ranar da Muka Kafe a Yashin Long Island

Maigidana ya shekara goma sha biyu yana tuƙa taksi tsakanin filin jirgin JFK da unguwar Harlem, amma in ka ji yana ba yara labari sai ka rantse a bayan motar Agadas aka yanke masa cibiya. Wai ya tuƙa mota a sahara har ya gaji. Ni kuwa na san a nan New York ya fara riƙe sitiyari. Ban taɓa tona shi ba. Yaranmu uku ba su taɓa zuwa gida ba, kuma labarin saharar nan ne kaɗai ke sa su ajiye waya su kalli ubansu baki buɗe.

Shekarar da mahaifiyarsa, Inna, ta zo mana daga Damagaram, sai ya sayi tsohuwar jif, ya yanki takardar shiga yashin bakin teku a Long Island. Muka loda tabarmi da kular dafa-duka, muka kama hanya.

A bakin shiga muka tarar da Turawa a tsugune, kowa yana sace iskar tayarsa. Maigidana ya tuntsire da dariya. "Ikon Allah! Mutum da hankalinsa ya sace wa kansa taya?" Shi da safe ma sai da ya tsaya gidan mai ya cika tasa da iska tam, yadda ya saba kafin ɗaukar fasinja.

Ko minti biyar ba mu yi ba motar ta kafe. Ya taka totur, yashi ya yi sama, muka ƙara nutsewa har ciki. Ga teku yana matsowa. Autarmu ta leƙo ta ce da Turanci, "Baba, haka ake yi a sahara?" Wallahi na ji tausayinsa, duk da dariya na cina. Gumi har cikin kunnensa.

Sai Inna ta ce ya zo ya sauke ta, za ta yi alwala. Ita fa da ƙuruciyarta ta yi fataucin dabino a kan manyan motocin Agadas. Ni ke riƙe da buta, don haka na ji komai.

"Kai, ɗan nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "sace iskar nan. Ka tone gaban taya, ka shimfiɗa tabarmi. Kuma ka ɗauke ƙafarka daga man nan, ba gudun fasinja kake ba." Ta zaro tsinke daga ɗankwalinta ta danƙa masa a ɓoye.

Mutumin nan ya dawo yana ba da umarni kamar soja. "Kai, tona nan! Ke, kawo tabarma! Ai gwada ku nake yi." Iska ta fita fuuu, ya ja a hankali, motar ta fito salin-alin. Yara suka kaure da ihu, babban har da ɗaukar ubansa hoto.

Muna cin dafa-duka a kan yagaggiyar tabarma, Inna ta matso kusa da ni ta ce, "'Yata, in kika faɗa wa jikokina, ban yafe ba."

Allah ya yi mata rasuwa bayan shekara uku. Yaran sun girma, har yau suna ba abokansu labarin yadda ubansu ya fid da mu. Ban karya alkawari ba, Inna. Da Hausa na rubuta, kuma babu mai iya karantawa a cikinsu.