Ya'u Ladan da Ranar da Ta Ƙi Faɗuwa

A unguwar Kusfa cikin birnin Zariya, in aka ambaci Ya'u Ladan, tsofaffi sukan ɗan yi shiru tukuna, sannan su ce mutumin kirki ne, Allah Ya ji ƙansa.

Ɗan dukawa ne, amma hannunsa bai zauna a kan fata ba. Tun yana saurayi ya fita ganuwa ya koyi aikin kuku, har ya dace da wani dogon Bature mutumin Norway da ke koyarwa a makarantar Kongo, nan Zariya. Da safe ya hau kekensa ya tafi, da la'asar ya dawo birni. Abin da ya fi so a duniya kuwa ba a Kongo yake ba. Akwai wani ƙaramin masallaci a unguwarsu mai matakalar ƙasa a jikin bango, ladaninsa Malam Bahago, tsoho mai kaifin ido. Duk ranar da mura ta kama tsohon, Ya'u ne ke hawa. Allah Ya ba shi murya. Ba a taɓa zama an faɗa ba, amma kowa ya san wanda zai gaji matakalar nan, shi ma ya sani, kuma bai roƙi Allah wani abu da ya wuce wannan ba.

A shekarar 1984 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baturen. Ba shi da mata, sai wata tsohuwar uwa can gida. Da za a mayar da shi ƙasarsu, aka rasa wanda zai riƙa ɗaga shi yana kwantarwa a hanya, sai Ya'u. Ya tafi ana saura kaɗan a ga watan azumi, ya dawo kafin babbar Sallah da rigar sanyi mai kauri, ya ɗan rame.

Ranar da ya sauka zauren gidansu ya cika. A bakin ƙofa Labaran tela ya zauna, ɗan kawunsa, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya ganin Ya'u ya ƙyale shi.

Ya'u ba mai yawan magana ba ne, amma ran nan ya ba da labari. Ya ce jihar sunanta Nordland, doguwa ce siririya kamar igiyar guga, teku a gefe ɗaya, duwatsu a ɗayan. Teku kan kutsa cikin ƙasa tsakanin duwatsu kamar lungunan birni, sai ka hango gidan maƙwabcinka a ƙetare amma ba ka zuwa gaishe shi sai da jirgin ruwa. Su a wani tsibiri suka sauka, cikin tsibiran Lofoten, inda duwatsu ke tsaye cikin ruwa ba su da gindi a tudu. Ya ce ya ga rumfunan katako da suka fi soro tsawo, an rataye musu kifi biyu-biyu ta wutsiya, ba gishiri, ba hayaƙi, iska kawai ke busar da shi har ya zama kamar itace. Tsohuwar ta gaya masa ɗaruruwan shekaru kakanninta suna loda kifin nan a jirgi su kai kudu, wani gari Bergen, su musanyo hatsi, don ƙasarsu ba ta ba da abinci sosai. Da yawa cikin mazan ba su da kabari, teku ce ta riƙe su. Ita kanta tana amarya a garin Bodo jiragen Jamus suka ƙone shi a kan idonta.

"Kawunan kifin ma ba sa zubarwa," in ji Ya'u. "Nan ake kawo su. Su ne Inyamurai ke sayarwa a Sabon Gari."

Wani dattijo ya ce, "To ai kai ka more, Malam Ya'u. Azumi a ƙasar sanyi, ko ƙishirwa babu."

Da Ya'u ya ce haka ne ya yi shiru, da maganar ta wuce. Sai ya ce, "Sanyi kam akwai. Sai dai rana ce ba ta faɗuwa."

Labaran ya gyara zama.

"Bawana, sake faɗa. Ba ta me?"

"Ba ta faɗuwa. Tun da na je har aka yi Sallah ban ga duhu ba. Takan yi ƙasa-ƙasa ta arewa, sai ta sake tashi."

"Ta arewa kuma! Ba ta faɗuwa, ko dai kai ne ba ka tsayawa ka ga faɗuwarta? Kuku da tukunya a gabansa, ina zai iya jiran rana?"

Aka yi dariya, har da Ya'u. Tsakanin taubasai wannan ba komai ba ne. Amma akwai waɗanda suka fita da maganar, suka bar dariyar a zaure.

Abin da ya faru a can, Mero matarsa kaɗai ya gaya wa a lokacin. Ranar farko ya zauna a bakin taga yana jira. Ya jira har tsohuwar ta kwanta ta tashi ta same shi inda ta bar shi. Daga nan ya koma ga agogon hannunsa, wanda bai taɓa juya shi daga lokacin Zariya ba. In ya kai daidai sa'ar da Malam Bahago ke hawa, sai ya ja labule, ya juya baya, ya sha ruwa. Amma labulen bai kai ƙasa ba. Kullum akwai wani siririn haske da ke shigowa ta ƙarƙashi ya kwanta a kan tabarmarsa, yana haɗiyar ruwa yana kallonsa.

Shi ya sa bayan babbar Sallah ya ce wa Mero ta riƙa tashinsa sahur, kada kuma kowa ya ji. Mero ba ta faɗa wa kowa ba. Ba ta ma bukatar faɗa. A birni mutum ba ya ɓoye azumi. Labaran ya miƙa masa goro ran Litinin, ya ce alhamdu lillahi. Ya miƙa masa ran Talata, ya sake cewa alhamdu lillahi. Ran Asabar aka fito da akushi a gidan suna, Ya'u ya tuna yana da uzuri a Tudun Wada. Mata kuwa suna ganin Mero tana dama kunu gab da magariba. Kafin wata ya ƙare an gama lissafi a kowane zaure, ba tare da an tambaye shi ba.

Liman, Malam Isma'ila, ya sa aka kira Ya'u, ya ji yadda ya yi daga bakinsa. Mutum ne mai karatu, ba ya gaggawa.

"Maganar ranar nan ba baƙuwa ba ce, Ya'u. Malamai sun san da irin waɗannan ƙasashe, sun ce a ƙaddara lokaci. In yadda ka gaya mini haka ka yi, azuminka ya yi."

"Haka na yi, Allah gafarta Malam."

"To me ya sa ka rama?"

Ya'u ya daɗe yana duban yatsunsa. "Zuciyata ce ba ta kwanta ba."

"Da ka zo ka tambaya tun farko," in ji Liman. "Yanzu mutane abu ɗaya suka gani. Sun ga mutum yana ramuwa."

Ya sallame shi da addu'a. Ko Liman ya gaskata shi, Allah ne masani. Abin da aka sani shi ne bai taɓa tayar da maganar a gaban jama'a ba, ko ta nan ko ta can.

Baturen bai daɗe ba ya mutu a ƙasarsu. Ya'u ya koma rumfar ubansa yana ɗinka takalma da kube. Ba wanda ya daina gaishe shi, ba wanda ya hana shi sahun gaba. Sai dai in mura ta kama Malam Bahago, Ya'u ya hau ya kira magariba, akan sami wani ya ɗan leƙa waje ya dubi sama. Wata rana haushi ya sa ya ja Labaran har kasuwar Sabon Gari, ya ɗaga masa wani busasshen kan kifi mai buɗaɗɗen baki.

"Ga shi. Daga can yake. Da hannuna na taɓa irinsa a rataye."

Labaran ya karɓa, ya shinshina, ya kai shi kusa da kunne. "Na tambaye shi, bawana. Ya ce shi bai ga lokacin da ka yi buɗa-baki ba."

Mai kifin ya yi dariya ba tare da ya san abin da ake wa dariya ba.

A 1990 yanar ido ta kama Malam Bahago, gwiwa kuma ta ƙi matakala. Azumi ya ƙarato, ga zafin bazara. Aka zauna a zauren Liman. Wannan karon Labaran bai ce bawana ba.

"Allah gafarta Malam, ɗan'uwana ne, ban ƙi shi da komai ba. Amma ladani a watan azumi, bakin unguwa duka a hannunsa yake. In ya buɗe baki, kowa ya buɗe."

Ba wanda ya goyi bayansa, ba wanda kuma ya musa. Malam Bahago daga kusurwa ya ce shi dai ya koya wa yaron nan duk abin da ya sani. Liman ya yanke cewa Ya'u ya kira na wannan watan, a gani. A hanyar gida Ya'u ya ji, kamar yadda akan ji irin wannan, cewa wasu gidaje sun shirya ba za su sha ruwa ba sai lasifikar masallacin Juma'a ta yi magana. Suna tsoron zai riga rana.

Ranar farko ya hau da wuri, cikin farar riga da Mero ta sa aka buga masa. Daga saman yana ganin rufin soraye, da rimaye, da Dutsen Kufena can yamma. A ƙasa mutane sun jeru a kan tabarmi, ga dabino, ga ƙosai, ga kunun tsamiya a kwanon sha. Rana ta yi ja, ta sauka a hankali, ta shige bayan Kufena. Ya san dutse ba ƙasa ba ne, don haka ya juya gabas kamar yadda aka koya masa, yana jiran duhu ya taso daga can. Ya taso. Alamun duka sun cika, ya san sun cika. Ya kai hannu kunne.

Sai ya tuna wani yammaci a tsibirin. Ran nan ma rana ta shige bayan wani baƙin dutse, gari ya yi inuwa, tsuntsayen teku suka yi shiru. Ya yi hamdala, ya ce ashe yau Allah Ya kawo, ya ɗauki kofi ba tare da ya ja labule ba. Ruwan na bakinsa rana ta leƙo ta ɗaya gefen dutsen.

Ya sauke hannun. Ya sake juyawa yamma.

Wani masallaci ta wajen Ƙofar Kuyambana ya kira. Wani ya amsa daga kudu. Lasifikar masallacin Juma'a ta ɗauka, ta gama. Ya'u na tsaye yana duban gefen Kufena. A ƙasa waɗanda suka zo su kama shi da gaggawa suna riƙe da dabino suna duban juna. Wasu suka ci a ɓoye. Wani tsoho ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Bawana!" Labaran ya ɗaga murya. "Ta faɗi! Wannan ta Zazzau ce, ba ta dawowa sai gobe!"

Ya kira. Muryar ta fita da kyau kamar kullum, sai dai ta fita ita kaɗai a cikin birni duka.

Kashegari haka, wanshekare ma haka. Mero ta ce masa, "Malam, ka dubi agogo kawai mana, kamar yadda ka yi a can." Ya ce ai agogon ne ya kai shi inda yake.

Kafin azumi ya yi mako Liman ya tsayar da shi bayan sallar la'asar, su biyu, a inuwar bango.

"Sunna a gaggauta buɗa-baki, Ya'u. Akwai tsofaffi, akwai masu shayarwa."

"Na sani, Allah gafarta Malam."

"Me kake jira a can sama?"

"Ba komai," in ji Ya'u. Can kuma ya ce, "Ina dai so in tabbata."

Liman ya jima yana jan carbi. Sannan ya ce asuba da azahar da la'asar da lisha na Ya'u ne, har iyakar ransa, ba mai karɓe masa. Magariba kuwa Labaran zai riƙa hawa, tunda yana da rediyo a shago kuma shi ba ya dogon tunani.

A haka aka zauna har Ya'u ya rasu, shekara bakwai bayan nan. An kira shi Ladan, sunan ya bi shi, kuma masu tashi da asuba a Kusfa sun ce ba su sake jin irin muryar ba. Da magariba kuwa yakan zauna a gindin matakala, bayansa na yamma, kofi a hannu in watan azumi ne. Labaran na sama da muryarsa mai kama da ta tsohon keken ɗinki. Kafin ya kai ƙarshen kabbarar farko, Ya'u ya riga kowa kai kofin baki. Na kusa da shi sukan ɗan dakata su ga ya haɗiye, sannan su sha nasu.